Zane, Waƙa da Aikin Hannu a Makaranta: Tambayoyin da Iyaye Suka Fi Yi

Na daɗe ina koyarwa a firamare, kuma babu darasin da iyaye suke tsare ni da tambaya a kansa kamar na zane, waƙa da aikin hannu. Wani a taron iyaye da malamai zai ɗaga hannu, wata sai ranar karɓar sakamako za ta ja ni gefe. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne shekara da shekaru, shi ya sa na tattara su wuri guda tare da amsoshin da nake bayarwa.

Wai me ake koyarwa ne a wannan darasi? Zane ne kawai?

Zane ɓangare ɗaya ne. A manhajar da hukumar NERDC ta tsara wa makarantun Najeriya, darasin al'adu da fasaha da aka fi sani da CCA ya haɗa zane da fenti, ginin yumɓu, saƙa da rini, waƙa da kiɗa, wasan kwaikwayo, da sanin al'adun jama'a. Ana fara shi daga aji ɗaya na firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, kuma yana cikin jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Wanda ya so ci gaba da shi, WAEC da NECO suna da takardar zane da ta kiɗa a babbar sakandare. Abin da ke rubuce ke nan. Abin da ake yi a cikin aji kuwa ya danganta da malami da shugaban makaranta, kuma a nan ne yawancin matsalar take.

Malam, na kai yaro makaranta ne ya iya karatu da lissafi. Wannan ba ɓata lokaci ba ne?

Na fahimci wannan damuwa ƙwarai, musamman ga uban da ɗansa ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba. Amma bari mu fara daga hannu. Yaron aji ɗaya da ya kasa rubuta harafi, sau da yawa ba ƙwaƙwalwarsa ce ta gaza ba. Yatsunsa ne ba su saba riƙe fensir ba, idonsa bai saba bin layi ba. Mulmula yumɓu, yaga takarda a kan layi, zura zare a ƙwayar dutsen ado, jan da'ira a ƙasa da tsinke, duk suna horar da yatsun da zai yi rubutu da su. Malaman tsangaya sun san wannan tun da daɗewa: kafin kolo ya fara rubuta allonsa da kansa, sai ya daɗe yana bin sawun rubutun malam, yana koyon feƙe alƙalami da auna tawada.

Na biyu shi ne lura. Ka ajiye wa yara ganyen darbejiya ka ce su zana. Da farko kowa zai ja wani abu mai kama da ƙwai ya ce ya gama. Ka ce su sake dubawa: ƙananan ganye nawa ne a jikin sillen? Bakinsu sumul yake ko yana da haƙora kamar zarto? A zane na uku za ka ga yaro ya yi shiru, yana duban ganye, yana duban takarda. Wannan duba na tsanaki shi ne abin da malamin kimiyya zai nema a wurinsa in ya shiga sakandare, shi ne kuma abin da likita da makaniki da manomi suke ci da shi.

Akwai bincike a kan wannan. A birnin Houston na Amurka, masu bincike biyu, Daniel Bowen da Brian Kisida, sun bi makarantu 42 masu ɗalibai sama da 10,000. Ƙuri'a aka jefa: wasu makarantun aka ƙara musu ayyukan zane da kiɗa da wasan kwaikwayo, wasu aka bar su yadda suke. Sakamakon da suka fitar a 2019 ya nuna cewa a makarantun da aka ƙara wa, laifuffukan da ake hukunta yara a kai sun ragu, makin rubutun insha'i ya ƙaru, yaran kuma sun fi nuna tausayin juna. Makin lissafi da kimiyya bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba. Wato lokacin da aka ba waɗannan ayyuka bai ci komai daga sauran darussa ba.

A Jami'ar Waterloo ta Kanada kuma, an gwada ɗalibai a 2016: wasu kalmomi aka ce su rubuta, wasu aka ce su zana abin da kalmar take nufi. Waɗanda aka zana sun fi zama a ka nesa ba kusa ba. Ɗaliban jami'a ne aka gwada, amma duk malamin firamare da ya taɓa sa yara zana sassan tsiro ko taswirar unguwarsu ya ga irin haka da idonsa.

Na ji an ce kiɗa yana ƙara wa yaro kaifin ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne?

An zuzuta maganar fiye da kima. Asalinta wani ƙaramin gwaji ne da aka yi a Kalifoniya a 1993, inda ɗaliban jami'a suka saurari kiɗan wani tsohon makaɗin Turai mai suna Mozart na minti goma, suka ɗan fi ƙoƙari a wata jarrabawa ta siffofi, tasirin kuma ya ɓace cikin kusan kwata na awa. Daga nan 'yan kasuwa suka ɗauka suka yi ta sayar wa iyaye faifai. Ni ba na yi wa kowa alkawarin cewa ɗansa zai zama gwanin lissafi don ya koyi waƙa. Abin da na tabbatar shi ne waƙa tana kaifafa kunne a kan sautin harshe, tana kuma riƙe ilimi a ka. Gaɓoɓin kalma, dogon wasali da gajere, amsa-amo, duk yaro yana jin su a waƙa tun kafin a koya masa sunayensu, kuma mai koyon karatun Hausa yana bukatar wannan kunnen.

Addini fa? Na ji wa'azi a kan zanen mai rai da kuma kiɗa.

Wannan ita ce tambayar da na fi girmamawa, domin mai yin ta yana tsoron Allah ne a kan amanar da aka ba shi. Ni ba mai fatawa ba ne, kuma ina shawartar kowa ya koma ga malamin da ya amince da shi. Abin da zan iya faɗa shi ne filin halal a nan yana da faɗi ƙwarai.

Hadisan da suka yi gargaɗi a kan surantar da abu mai rai sanannu ne. A cikin Bukhari da Muslim akwai labarin mutumin da ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas ya ce da yin hotuna yake ci. Ɗan Abbas ya faɗa masa gargaɗin, sannan ya ce in lalle sai ya yi, to ya zana itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Daga wannan ƙofa Musulmi suka gina wata babbar fasaha ta rubutu mai ƙawa da zanen siffofi da furanni, wadda ta cika masallatai daga Andalus har Indiya. Mu ma muna da namu kason. Duk wanda ya taɓa halartar saukar karatu ya ga allon zayyana, da launukansa ja da rawaya da kore, da layukan da aka auna aka raba daidai. Kano ta yi Sharif Bala Gabari, wanda Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa aka buga ya shiga gidaje a faɗin Afirka ta Yamma. Wannan aiki ne na mai ido da hannu da haƙuri, kuma a yarinta ake dasa su.

Game da waƙa, malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, amma rera baiti mai ma'ana tsohuwar hanyar koyarwa ce a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi na Fulatanci da Hausa da Larabci ta ilimantar da mata. Jagororin mata da ta horar, waɗanda ake kira jaji, suna haddacewa su koma ƙauyuka su koya wa ɗalibansu mata, wato 'yan taru. A zaurukan ilimi har yau da baitoci ake haddace nahawu. Don haka makarantar da iyayenta ba su yarda da ganga ba, tana iya yin darasin nan cikakke da murya da tafi, da zayyana, da saƙa, da ginin tukwane da gidaje. Abin da nake roƙo shi ne uba ya zo ya zauna da malami su fayyace iyaka, maimakon ya hana yaron darasin gaba ɗaya. Malami kuma kada ya tilasta wa yaro abin da gidansu ba su yarda da shi ba, ya ba shi wani aikin mai daraja ɗaya.

Ba al'adar Turawa ba ce aka shigo mana da ita?

Fensir mai launi da farar takarda su ne baƙi. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, tana nan ana tsoma zane a baba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, har yau masana gine-gine suna zuwa nazarin bakan gizonsa. Je ka unguwar Birni a Damagaram ko cikin garin Zariya ka ga adon da magina suke yi a fuskar gida. Dubi aska takwas a jikin babbar riga, dubi hular da aka ƙirga zarenta ɗaya bayan ɗaya, dubi aikin dukawa a Kasuwar Kurmi, dubi faifan da kaka take saƙawa da launi uku ba tare da ta zana komai a takarda ba. Ko makarantar boko ta farko da Baturen nan Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu.

A da, yaro yana koyon waɗannan a zauren ubansa ko a tsakar gida kusa da uwarsa. Yanzu safiyarsa tana boko, yammacinsa yana Islamiyya, darensa kuma waya ta cinye. In makaranta ba ta buɗe wa waɗannan sana'o'i ƙofa ba, yara da yawa za su girma ba su taɓa riƙe kaba ko allura ba.

Ɗiyata ba ta da baiwar zane. Me za ta amfana?

Ba ma cire yaro daga darasin lissafi don ba zai zama injiniya ba. Sai da koyo akan iya. Kuma darasin yana da rassa: wadda zane bai karɓe ta ba, wataƙila a saƙa ko a wasan kwaikwayo za ta fito. Abin da ya fi kashe wa yara gwiwa shi ne babba ya kalli aikinsu ya yi dariya, ko ya karɓe fensirin ya ce kawo in gyara miki.

To me ya sa in an ce aikin hannu, sai a ce yaro ya kawo tsintsiya ko kuɗi?

Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na yi aiki a wata makaranta inda ƙarshen kowane zango ake sanar da cewa kowa ya kawo aikin hannu. Washegari sai ka ga yara sun biya kasuwa sun sayo tsintsiya, mafici, sabulu, wani ma ya miƙa kuɗin kai tsaye. Wanda ya kawo babba ya sami maki mai yawa. Wani yaro ɗan aji biyar ya kawo motar da ya ƙera da kara da gwangwanin madara, tayoyinta na tsohon silifa suna juyawa, har ƙofa tana buɗewa. Aka ba shi maki ƙasa da na wanda ya sayo bokiti. Na ga fuskarsa a ranar, kuma bai sake kawo abin da ya yi da hannunsa ba har ya bar makarantar.

Irin wannan yana koya wa yaro cewa maki abin saye ne, kuma ɗan talaka ba shi da rabo ko da ya fi kowa iyawa. Ɗaya fuskar matsalar ita ce malami ya cika allo da bayani, yara su kwafa: ma'anar launi, ire-iren launi, ma'anar wasan kwaikwayo. Su haddace su rubuta a jarrabawa, alhali ba su taɓa haɗa shuɗi da rawaya sun ga kore ya fito ba. Sau da yawa ba mugunta ba ce. An ɗora wa malamin da ya karanta wani fanni daban darasin ne don cike gurbi, ba horo, ba kayan aiki. Amma iyaye suna da haƙƙin su tashi a taro su ce: muna so a yi aikin a cikin aji, a gaban malami, a ba da maki a kan abin da yaro ya yi da hannunsa.

Makarantarmu ko alli da ƙyar ake samu, aji ɗaya yara sun kusa ɗari. Da me za a yi?

Da abin da ke kewaye da makarantar. Yumɓu yana bakin rafi ko kududdufi. Kara yana gona bayan girbi. Kaba, tsumman tela, kwalin da aka yar, murafun kwalba, tsohuwar jarida, duk kyauta ne ko kusa da kyauta. Gawayi yana zane mai kyau a bayan kwali. Launi kuwa yana kicin da daji: zoɓo, lalle, gangamau, karan dafi, jar ƙasa, farar ƙasa. A dama da ɗan ƙaro don ya kama takarda, kamar yadda ake haɗa tawada.

Akwai darasin da nake so ƙwarai. A jiƙa zoɓo a raba shi kofi uku. A matsa lemon tsami a ɗaya, a zuba ruwan kanwa a ɗaya, a bar na ukun. Na lemon zai ƙara ja, na kanwa zai juya ya yi duhu-duhu mai ratsin kore. Yara su yi fenti da duka ukun. Sun sami launi, sun kuma ga da idonsu abin da za a koya musu a sakandare game da sinadari mai tsami da kishiyarsa. Haka saƙar faifai take ɗauke da ƙirga da maimaita tsari, zayyana kuma da raba da'ira da daidaita ɓangare da ɓangare.

Babban aji sai an raba shi rukuni-rukuni, a fita gindin bishiya. Kuma a gayyato masu sana'a na unguwa. Maginiyar tukwane ko baduku ko mai ɗinkin hula da zai zo ya zauna da yara awa ɗaya a zango ya fi shafi ashirin na bayani, kuma yawancinsu suna jin daɗin a ce makaranta ta san da su. A ba su ɗan abin goro.

Gargaɗi ɗaya: kada a bar yara su fasa tsohon batir don samun baƙi, kada kuma a ba su ragowar fentin mota ko na gini. Akwai guba a ciki, kuma ƙananan yara hannunsu ba ya rabuwa da baki. Reza da wuƙa su tsaya a hannun malami.

Wasan kwaikwayo ba ya sa yara rashin kunya?

Ya danganta da abin da aka ba su su kwaikwaya da wanda yake kula da su. Yaranmu dama suna yi: tashe a watan azumi, wasan 'yar tsana, gaɗa a dandali, 'yan mata suna kwaikwayon biki, maza suna kwaikwayon fada da sarki. Makaranta tana ɗaukar wannan ne ta ba shi alkibla. A cikin duk rassan fasaha, wasan kwaikwayo ne bincike ya fi nuna amfaninsa ga harshe: yaran da suka kwaikwayi labari sun fi fahimtarsa da riƙe shi fiye da waɗanda aka karanta musu kawai. Ka ba su tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi su raba matsayi, za ka ji yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba ta buɗe murya, domin a lokacin ba ita ce take magana ba, Ƙoƙi ce. Daga nan ake samun wadda za ta iya tsayawa gaban jama'a ta yi bayani ba tare da rawar murya ba. Inda iyaye suka fi son a raba maza da mata, a raba, wasan ba ya lalacewa.

Akwai kuma yaran da rikici ya raba da garuruwansu, waɗanda yanzu suke cikin azuzuwanmu da yawa. Wani ba zai iya faɗa maka abin da ya gani ba, amma in ka ba shi takarda zai zana. Malami ya karɓa da natsuwa, kada ya matsa masa da tambaya a gaban 'yan aji, in abin ya yi nauyi ya nemi iyaye da ma'aikatan lafiya. Haka yaro kurma ko mai in'ina yakan sami wurin da zai yi fice a wannan darasi.

Akwai abinci a cikinsa kuwa?

Ciro naira 20 ka juya bayanta. Matar da ke ginin tukunya a wurin ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali, wadda ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta garin Abuja na da, wato Suleja ta yanzu, ta zama mace ta farko a can. An nuna aikinta a Turai da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. A Zariya ɗin nan ne kuma wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko, suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, wadda ta sauya fuskar zane a Najeriya baki ɗaya. Sashen zane da na tsara kayan masana'antu da na zanen gine-gine suna nan a jami'ar har yau.

Amma ba sai an kai can ba. Tela mai fitar da sabon yayi, mai zanen lalle a gidan biki, kafinta, mai walda da ke ƙera ƙofa mai ado, mai buga kati da allon talla, mai ɗaukar hoto, mai tace fim, matashin da ke tsara tambarin kamfani a kwamfuta, dukkansu da ido da hannu suke ci. A kowace sana'a cikin waɗannan, wanda ya iya daidaita launi da siffa shi ake bi layi a ƙofarsa.

Ni a gida me zan iya yi?

Hajiya, abu kaɗan ne. Ki ware masa tsohon littafi ko bayan kalanda da fensir, don bango ya huta. In ya kawo miki zane, kada ki tambaye shi mene ne wannan, ki ce ba ni labarinsa, za ki sha mamakin abin da zai fito daga bakinsa. Ki liƙa ɗaya a ɗaki inda baƙi za su gani. In kina saƙa ko ɗinki ko kitso, ki zaunar da yaran kusa, mace da namiji, ki ba su ragowar zare su gwada. Alhaji kuma in za ka wurin maƙeri ko baduku, ka tafi da shi ya tsaya ya kalla. Daren Juma'a a kashe waya rabin awa a yi tatsuniya da kacici-kacici, a bar yaran su ma su ƙago nasu. Sannan in an kira taron iyaye da malamai, ku je, ku nemi a nuna muku abin da yaranku suka yi da hannunsu a wannan zangon.